Wuyan Jitar Herlinda

A Paracho, garin tudu a ƙasar Meziko,
inda kowace ƙofa ke tofar da dussar katako,
nake shara a shagon Fulgencio Equihua,
shekara uku ina miƙa masa magagari da gam.

Wata Laraba, ruwa na dukan kwanon rufi,
Herlinda ta shigo da jita naɗe a mayafi.
Shekara arba'in da ɗaya tana kiɗan biki da makoki,
yau hannun hagu ya yi mata tawaye,
sanyin ƙashi ya ɗaure gaɓoɓin,
babban yatsa ya kumbura kamar citta,
ƙaramin kuwa ya kasa kai wa mataki na huɗu.
Ta ce, "Saya. Ko ka hura wuta da ita."

Maigida bai ko dubi jitar ba.
Hannun ya karɓa, ya juya shi gaban fitila
kamar mai duba ƙwai.

Ya ce, "Mun gaji wuya guda daga kakanni,
dama da hagu kai ɗaya, santsi, babu karkata.
Ido muka yi wa sassaƙa, yaro,
mun manta tafin hannu ba shi da kusurwa."

Ya aike ni gidan maginiya na ɗebo yumɓu.
Ya mulmula shi jikin sanda,
ya ce mata, "Riƙe. Kada ki matse.
Riƙe kamar hannun jikarki a kasuwa."
Da ta saki, ga rami a bayan yumɓun
inda yatsan ya nemi wurin kwana,
ga gefen ƙasa ya lotse, na sama ya yi tozo.
Hannu ya rubuta ƙararsa, babu lauya.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
To, hannun Herlinda ya bushe,
saura iccen ya sauko ya same shi.

Kwana goma sha tara.
Ya zaɓi al'ul da ya shekara takwas a rataye,
ya rage tsawo da faɗin yatsa biyu
don matakai su matso kusa kamar 'yan uwa a ɗakin haya.
Ya fiƙe gefen ƙasa, ya bar wa babban yatsa matashi,
ya sauke tsirkiya shida dab da allo
har kwabo ya wuce da ƙyar.
Sau ɗaya ya zarce da kankara,
ya zagi kansa, ya zagi ruwan sama,
ya jefar da aikin kwana biyar bayan murhu.

Maƙwabta masu shago suka leƙo suna dariya:
"Fulgencio ya tsufa, yana ƙera karkatacciya!"
Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo,"
ya ci gaba da guga.

Ranar karɓa ta zauna kan akwatin ƙusa.
Ta riƙe. Ba ta kaɗa ba tukuna.
Na ga kafaɗarta, da ta daɗe a ɗage
kamar mai jiran mari, ta sauka.
Ƙaramin yatsa ya taka mataki na huɗu,
ya wuce na biyar ba tare da sallama ba,
sautin ya fito garau, ko kaza a waje ta yi shiru.

Ta tsaya tsakiyar waƙa.
Ta ce, "Nan, wajen mataki na bakwai, yana tokare ni."
Ba godiya, ba hawaye.
Maigida ya yi murmushin da ban taɓa gani ba,
ya zare fensir daga bayan kunne,
ya zagaye wurin.

Yumɓun yana nan kan kanta, ya bushe, ya tsage.
In shago ya watse nakan sa hannuna ciki.
Bai dace da ni ba.
Gobe zan koma gidan maginiya.